Mudun Hajiya Ladi da Ya Zama Hula

Ku da kuke zuwa ku zauna a bencin nan kuna kallona ina aiki, na san abin da ke ranku. Gani kuke yi ai rubutu ne kawai, duk wanda ya gama firamare zai iya. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa abin da nake ɓata wuni a kansa, shi da waya zai tsara shi kafin shayi ya huce. To, ni ne Sabo, nan Unguwar Dosa ana ce mini Sabo Mai Rubutu, kuma tun ba a haifi yawancinku ba nake riƙe da burushi. Ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

A hannun Malam Tanimu na koya, a gefen tashar Kawo, zamanin da babbar mota ba ta hawa hanya sai an rubuta mata addu'a a goshi. Wata shida na farko ban taɓa fenti ba, sai dai in wanke shi daga jikin burushi da kananzir. Da ya ga ban gudu ba, ya ba ni alli da bayan wata tsohuwar ƙofa, ya ce in yi ta rubuta harafin O. Na cika ƙofar, na goge, na sake cikawa. Rannan na gaji na ce, "Malam, yaushe zan wuce zuwa wani harafin?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ran da naka ya daina kama da dankali."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai burushi mai faɗi na cika ciki, da mai tsini na fitar da baki, da zaren da ake shafa wa bula a ɗame shi a sake, ya bar layi miƙaƙƙe. Akwai sanda mai ƙullin tsumma a kai, wadda kake dafa hannu a kanta don kada ya yi rawa. Kuma kafin ka tsoma burushi sai ka ƙirga haruffa ka raba musu fili. Wanda bai yi haka ba, shi ne za ku ga ya fara da manyan haruffa cikin isa, ya ƙare da ƙanana suna maƙale a gefe kamar fasinjan da ya riƙe ƙofar bas.

Aikin farko da Malam Tanimu ya sakar mini ni kaɗai na wasu tsofaffin ma'aikata ne da za su je kai kuka kan fanshonsu. Suka ce a rubuta musu A CECI ƘASA a kan farin yadi. Na zage na yi aiki mai kyau, sai dai na manta lanƙwasar da ke kan ƙa. Malam ya dawo daga sallar azahar, ya tsaya ya karanta a hankali, A CECI KASA. Ya ce, "Sabo, macijin ma da kansa in ya ga wannan zai yi mamakin masoyan da ya samu." Daga ranar ba na barin rubutu ya fita daga hannuna sai na karanta shi da ƙarfi sau biyu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda injin buga rubutu da hoto a kan leda ya cika gari. Masu shago suka daina zuwa, makarantu suka daina zuwa, 'yan siyasa kuwa da suka ga injin yana iya rage musu tumbi ya ƙara musu hasken fuska, ko sallama ba su yi mini ba. Abokan sana'ata da yawa suka koma fentin gidaje. Ni abin da ya riƙe ni jimla biyu ce. Ta farko, AN HANA FITSARI A NAN. Ta biyu, WANNAN GIDA BA NA SAYARWA BA NE. Daga Malali zuwa Mando, in kuka ga ɗaya daga cikinsu a bango da haruffa tsayayyu, ku gaishe ta, ita ta ciyar da 'ya'yana.

Ana nan sai shekarar nan da mai ya tashi, masara ta bi shi, shinkafa ta wuce su duka. Gari ya ɗauki maganar fita zanga-zanga. A masallaci ana magana, a teburin mai shayi ana gardama, wasu na cewa a fita, wasu na cewa 'yan adawa ne ke zuga mutane, wasu na cewa ko wa ke zugawa ai cikinmu ne ke kuka. Masu injin leda suka ƙi karɓar aikin buga rubutun da za a ɗaga a zanga-zangar, saboda kwamfuta tana ajiye duk abin da aka buga, kuma ba wanda yake son a zo a tarar da shi a ciki. Sai aka tuna da ni.

Wata safiya mutum uku suka zo rumfar nan. Akwai Alhaji Lawal daga Unguwar Rimi, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya a ofis yana rubuta wasiƙu har ya yi ritaya. Akwai Kabiru, ya gama jami'a bai samu aiki ba, yana jan keke mai ƙafa uku yana ciyar da mata da 'ya ɗaya. Sai Hajiya Ladi mai sayar da hatsi a kasuwar Kawo, wadda ko gaisuwa take yi kamar ciniki ake. Su ne mutanen unguwannin nan suka wakilta su shirya fitar.

Alhaji Lawal ya zaro takarda daga aljihu, ya gyara tabarau, ya fara karanta mini abin da yake so a kan kwali: "Muna kira cikin girmamawa ga hukumomin da abin ya shafa da su duba yiwuwar sake nazarin matakan da suka haifar da..."

Na ce, "Alhaji, tsaya. Wannan ba kwali yake so ba, fayil yake so. Kwali kalma huɗu ne, in ya yi yawa biyar. Mai babur da ke wucewa da gudu nake rubuta wa."

Kabiru ya ce, "Na rage maka aiki, Baba Sabo. Kalma uku: SU SAUKA DUKA."

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Da zarar ka ɗaga wannan, ka gama mu. Za a ce jam'iyya ce ta turo mu, maganar masara ta mutu. Sannan 'yan iska su shigo cikinmu su fasa shagon wani, a dawo a kama ku."

Kabiru ya ce, "To ku wasiƙa nawa kuka rubuta a shekara talatin, Alhaji? Wacce aka amsa? In ba a tare hanya ba, wa zai san mun fito?"

Hajiya Ladi ta ce, "In ka tare hanya, motar da ke kawo mini masara ta ina za ta bi? Ta sama? Kai ma keken naka a kan hanyar yake ci."

Sun fi awa guda a haka, ni kuwa ina ta yanka kwali. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa za a taka da ƙafa daga unguwa zuwa ƙofar wani ofis, Alhaji ya miƙa wasiƙarsa, ba ƙona taya, ba jifa, ba sunan kowa a kan kwali. Aka zaɓi YUNWA TA ISHE MU da A SAUKE FARASHI. Na ɗauka an gama, ashe saura launi. Na ɗauko ja, Alhaji ya ce akwai jam'iyya mai ja. Na ɗauko kore, Kabiru ya ce wannan ai ya fi muni. Shuɗi, rawaya, duk wanda na buɗe sai a tuna mini mai shi. Baƙi kuma Hajiya ta ce ba makoki za su je ba. Abin da ya rage sauran fenti ne ruwan ƙasa da na shafa wa wata ƙofar gida. Aka yi ta tunani, ba a tuno jam'iyyar da ta taɓa son wannan launi ba, sai aka amince.

Har sun miƙe Hajiya ta dawo. Ta ce, "Malam Sabo, matan da za su biyo ni rabinsu ba sa karanta boko. Ni nawa kwalin kada ka sa masa rubutu. Zana mini mudu a kife, kowa ya gani ya san ba komai a ciki."

A nan ya kamata in ce mata ni mai rubutu ne, ba mai zane ba. Amma mutumin da aka yi shekaru ba a neme shi ba, yau ga manyan unguwa a rumfarsa, ba ya son cewa bai iya ba. Na ce ta bar mini. Na zana mudun a kife, na zagaye bakinsa da layi biyu, na ɗan lotsa samansa kamar wanda ya sha aiki, sannan na jera wasu 'yan ɗigo da kusurwoyi a jikinsa don su nuna ƙyallin ƙarfe. Na ja da baya na kalle shi, ya burge ni, har na sa sunana da unguwata ƙanana a ƙasa kamar yadda na saba.

Washegari wata farar mota ta tsaya a bakin rumfa. Mai ita sunansa Ɗanlami, irin mutanen nan da ba ka san sana'arsu ba amma kullum suna fitowa daga gidan wani babba. Ya ce shi ma yana da talakawa da za su fito ranar, amma nasu na goyon baya ne. Yana son MU ƘARA HAƘURI da ZAMAN LAFIYA MUKE SO. Ni ƙa'idata, in ba zagi ba ne, ba kuma kiran a fasa ko a ƙona ba, ina rubuta wa kowa. Na yi masa guda ɗaya ya gani. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Ya yi kyau da yawa, Malam Sabo. Kowa ya gani zai san an biya. Ɓata shi kaɗan, ya zama kamar talaka ne ya rubuta da kansa cikin ɗoki."

Ku da kuke cewa aikin nan mai sauƙi ne, ku gwada ɓata rubutu da gangan bayan hannunku ya yi shekaru yana gyarawa. Na karkata layi, hannu ya miƙar da shi. Na rage wa M ƙafa, na waiwaya na ga na cika ta. Sai da na koma rubutu da hagu, ina tsaye da ƙafa ɗaya a kan bulo, sannan Ɗanlami ya ce yanzu ne ya ga talauci a ciki.

Da yamma Kabiru ya zo ɗaukar nasu, ya tarar da su jere da na Ɗanlami suna shan iska a jikin bango ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba Sabo, kai wai wane ɓangare kake?" Na ce, "Ɓangaren inuwa, fenti ba ya son rana." Bai yi dariya ba. Sai na ce masa, "Kabiru, masarar da kake saya ita nake saya, a wurin Hajiya kuma. In ban rubuta masa ba wani zai rubuta, kuma wancan ba zai gaya maka ba." Ya kwashi kwalayensa ya tafi ba sallama.

Ranar fitar na tsaya a bakin titi, don in ga ko rubutuna yana karantuwa daga nesa. Yana karantuwa. Aka wuce lami lafiya, Alhaji a gaba da wasiƙarsa a ambulan, Hajiya a tsakiyar mata ta ɗaga mudunta sama. A wata mahaɗa suka yi karo da mutanen Ɗanlami, na ce yau za a yi ta. Ashe an riga an ɗauki waɗancan hoto, aikinsu ya ƙare, kuma yawancinsu 'yan unguwa ɗaya ne da namu. Sai kawai suka bi ayari. Da idona na ga wani dogo yana rera "yunwa ta ishe mu" da iya ƙarfinsa, yana ɗauke da MU ƘARA HAƘURI.

Kwana biyu bayan nan abin ya fashe. Wani ya ɗauki hoton kwalin Hajiya ya watsa a waya, ya rubuta cewa ga hujja ta fito, wannan hular wani babban ɗan adawa ce, ga ɗinkinta, ga karin da yake yi mata a sama. Kafin la'asar an kai maganar rediyo. Ina zaune a nan ina jin masu sharhi suna ta fashin baƙi a kan aikina. Ɗaya ya ce duk mai ido ya san hular wane ne, kuma wannan ya nuna wanda ya ɗauki nauyin fitar. Na biyu ya ce ko da hular ce, yunwar ai ba shi ya ɗinka ta ba. Wani ya bugo waya daga Mando ya ce shi a ganinsa hular kwano ce, kuma cin fuska ne ga jami'an tsaro. Aka yi ta bugowa har shirin ya ƙare, babu mutum ɗaya da ya ce mudu.

Da safe Alhaji Lawal ya zo, hularsa a karkace. Ya ce jami'an tsaro sun tafi da Kabiru don ya amsa tambayoyi, kuma ni ma ana nemana, tunda na taimaka musu da suna da unguwa a ƙasan kwalin. Ya ce, "Malam Sabo, shekara talatin ban taɓa shiga siyasa ba, yau zanenka ya sa ni a jam'iyya."

Na rufe rumfa na tafi ofishinsu. Jami'in da na tarar mutum ne mai natsuwa, ya kai shekaruna, ga kwalin shimfiɗe a kan teburinsa. Kabiru yana zaune a benci can gefe, an karɓe masa waya da makullin keke.

Jami'in ya ce, "Malam, wa ya ba ka aikin zana hular nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mudu ne."

Ya juya kwalin sama, ya juya shi ƙasa. "Mudu yana da ɗinki?"

"Ƙyalli ne, ranka ya daɗe."

"Wannan karin na sama fa?"

"Lotsawa ce."

Ya kira wasu biyu daga waje, ya ɗaga musu kwalin ya ce su faɗi abin da suka gani. Dukansu suka ce hula. Ɗaya har ya ƙara da cewa an iya zane. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin sai da zuciyata ta raya mini in amsa cewa hular ce, ko ba komai a ce Sabo gwani ne. Sai na dubi Kabiru. In na ce hula, shi zai kwana a nan, kekensa ya kwana a nan, gobe ba a ɗora tukunya a gidansa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyar magana ita ce ban iya zane ba. Haruffa aka koya mini. Wannan shi ne zanena na farko, kuma mudu na nufa."

Yana cikin rubuta wannan a takarda sai muka ji muryar Hajiya Ladi a bakin ƙofa tana gaya wa mai gadi cewa ita ba ta da lokacin jira, ta bar rumfa ba kowa. Ta shigo, ta gaida jami'in, ta zaro mudunta na gaske daga cikin mayafi, ta kife shi a kan tebur kusa da kwalin. Ta ce ita ta sa a zana, kuma ita ba ta san wani mai hula ba, masu hular duk ba su taɓa sayen ko gwangwani ɗaya a wurinta ba.

Jami'in ya kalli mudun, ya kalli kwalin, ya sake kallon mudun. Ya ce, "Hajiya, naki mudu ne. Nasa hula ce."

Ta ce, "To a tsare shi da laifin rashin iya zane, a sakar mini wannan ya je ya nemi abinci."

Ya ɗauki mudun yana jujjuya shi a hannu. Can ya rage murya ya ce, "Masara nawa take yau a wurinku?" Ta faɗa masa. Ya ajiye biro. "Tun yaushe?" Ta ce, "Tun shekaranjiya. Ka tambayi maiɗakinka, ita ce ba ta son tayar maka da hankali." Sai ya sa aka miƙo wa Kabiru wayarsa da makullinsa. Ni kuma ya ce mini, "Malam Sabo, ka tsaya a kan haruffa." Kabiru ne ya dawo da mu a kekensa, ni da Hajiya da mudu, kuma a hanya ne ya fara dariyar da ya hana ni rannan, har sai da ya tsaya a gefen titi.

Farashi bai sauka a wannan watan ba. Sai da sabon hatsi ya shigo ya ɗan sassauta, kuma har yau ba a gama gardamar abin da ya saukar da shi ba. Alhaji Lawal ya ce wasiƙarsa ce ta isa inda ya dace. Kabiru ya ce ganin taron ne ya tsorata su, da an tare hanya ma da ya fi haka sauka. Ɗanlami ya ce haƙurin da aka ƙara ne. Hajiya ta ce damina ce.

Da lokacin neman ƙuri'a ya matso, farar motar ta sake tsayawa a bakin rumfa. Ɗanlami ya sauya gida, yanzu yana tare da babban ɗan adawar nan mai hular. Ya ce maigidan nasa ya ga hoton nan tun wancan lokaci, kuma ya ce duk masu injin leda babu wanda ya taɓa fitar masa da hularsa kamar yadda na fitar. Yana son in zana ta a kan manyan alluna, za a kafa daga Kawo har Unguwar Rimi. Har ya kawo mini hular kanta a cikin leda don in riƙa kallo.

Na ce ya ba ni kwana uku in yi gwaji. Na ɗora hular a kan bulo, na auna ta da zare, na ƙirga ɗinkinta ɗaya bayan ɗaya, na dafa sanda, na bi ta a hankali kamar yadda ban taɓa bin wani aiki ba. Ranar ta uku Ɗanlami ya zo, na yaye ƙyallen da na rufe allon da shi. Ya matso kusa, ya ja da baya, ya karkata kai.

Ya ce, "Malam Sabo, wannan ai mudu ne."